“Bincike ya nuna”: Wane bincike, kuma a kan su wa aka yi shi?

Akwai wasu kalmomi uku da suka zama kamar hatimi a kafafen yaɗa labaranmu, wato “bincike ya nuna”. Da zarar an ɗora su a goshin labari, to an rufe bakin mai musu. Bincike ya nuna mai yawan murmushi ya fi tsawon rai. Bincike ya nuna ɗan fari ya fi ƙannensa basira. Bincike ya nuna kwana 21 sun ishi mutum ya yar da tsohuwar ɗabi'a ya kama sabuwa. Ka ji su a rediyo da safe, ka ci karo da su a Facebook da rana, kafin ka kwanta kuma wani ya turo maka su a WhatsApp. Masu tarukan ƙarfafa gwiwa da masu bai wa ma'aurata shawara su ma da su suke cin abinci.

Mafi yawan irin waɗannan maganganu daga fagen ilimin halayyar ɗan Adam suke fitowa, kuma ba kamar binciken taurari ba ne da za a ji a wuce. Da su iyaye ke yanke shawarar yadda za su tarbiyyantar da 'ya'yansu, da su masu makarantu ke tallar tsarin koyarwarsu su ƙara kuɗin zango, wani lokaci ma da su mai fama da ciwon damuwa ke shawo kan kansa cewa ba ya buƙatar ganin likita. Don haka tambayar ko binciken na da inganci ba ta malaman jami'a kaɗai ba ce.

Mu ɗauki maganar kwana 21 ɗin nan. Asalinta wani littafi ne da Maxwell Maltz, wani likitan fiɗa mai gyaran fuska a Amurka, ya fitar a shekarar 1960. Abin da ya lura da shi kawai shi ne majinyatansa kan ɗauki aƙalla mako uku kafin su saba da sabuwar fuskarsu. Bai yi gwaji a kan kowa ba. Da aka zo aka yi gwajin na haƙiƙa a Landan, Phillippa Lally da abokan aikinta sun bi mutum 96 na tsawon mako 12, sakamakon da suka fitar a 2009 kuma ya nuna cewa tsaka-tsakin lokacin da sabuwar ɗabi'a ke kama jiki kwana 66 ne, wani cikin kwana 18, wani kuwa an ƙiyasta sai ya kai kwana 254. Amma har gobe kwana 21 ake faɗa, domin ya fi daɗin ji.

Irin wannan kwaɗo na labari har kuɗin gwamnati ya taɓa ci. A 1993 mujallar Nature ta buga wani ɗan gajeren rahoto da ya ce ɗaliban jami'a 36 sun ɗan ƙara ƙoƙari a wani gwajin hasashen siffofi bayan sun saurari kiɗan Mozart, tasirin da ke gushewa cikin minti 10 zuwa 15. Babu jariri ko ɗaya a cikin gwajin. Duk da haka, kafin shekara biyar labari ya rikiɗe ya koma cewa kiɗan yana ƙara wa jarirai kaifin ƙwaƙwalwa, har gwamnan jihar Jojiya na lokacin, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 a kasafin 1998 don a riƙa bai wa kowane jaririn da aka haifa a jihar faifan kiɗa.

Wani zai ce ai wannan laifin 'yan jarida ne da 'yan siyasa, su masanan aikinsu ƙalau yake. Da haka abin ya tsaya da sauƙi.

Shekarar 2011 ce ta tona asirin fagen. A shekarar ne Jami'ar Tilburg da ke Holan ta dakatar da Farfesa Diederik Stapel, ɗaya daga cikin taurarin fannin a Turai, bayan wasu matasan masu bincike da ke aiki a ƙarƙashinsa sun kai ƙorafi. Ashe mutumin a ɗakinsa yake zama ya ƙirƙiri alƙaluma a kwamfuta, ya miƙa wa ɗalibansa a matsayin sakamakon gwajin da ya ce ya yi a makarantu. Daga baya an janye maƙalunsa 58. Abin lura shi ne duk sun bi ta hannun masu tantancewa, kuma manyan mujallu ne suka buga su, har da Science.

To shi Stapel maƙaryaci ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da ya fi ɗaga hankalin masana shi ne na Daryl Bem na Jami'ar Cornell, wanda ba a zarge shi da ƙirƙirar komai ba. A wannan shekarar dai ya buga maƙala a ɗaya daga cikin mujallu mafi daraja a fannin, inda ya ce gwaje-gwaje tara da ya yi a kan mutum sama da 1,000 sun nuna ɗan Adam na iya jin abin da bai riga ya faru ba. Ya bi ƙa'idojin lissafin da kowa ke bi. Sai tambaya ta taso: in har da waɗannan ƙa'idoji za a iya “tabbatar” da sanin gaibu, to me kuma ba za a iya tabbatarwa da su ba? Da wasu masana uku suka maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ba su ga komai ba, mujallar ta ƙi buga nasu, ta ce ita ba ta buga maimaici. Sai a 2012 suka samu wata ta karɓa.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin nan ne gizo ke saƙa. A al'adar wannan fanni, ana ɗaukar sakamako a matsayin abin kamawa idan lissafi ya nuna cewa, da a ce babu wani tasiri na gaske, da wuya a samu irinsa fiye da sau 5 cikin 100. Ka ga ke nan an bar wa dace ƙofa: duk wanda ya auna abu ashirin daban-daban, akwai kyakkyawan zaton ɗaya zai faɗo cikin ragar ko da babu komai a ƙasa. Mai bincike na iya auna abubuwa da yawa ya ba da rahoton wanda ya yi masa daɗi kaɗai. Yana iya duba sakamako bayan mutum 20, in bai fito ba ya ƙara 10 ya sake dubawa. Yana iya cire wasu mutane da hujjar cewa ba su mai da hankali ba, ko ya raba maza da mata ya ga inda abin zai faɗa. Kowane mataki shi kaɗai yana da uzurinsa, kuma mai yin sa ba lalle ba ne ya ji yana ha'inci. Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn sun nuna a 2011 cewa in aka haɗa kaɗan daga cikin waɗannan dabaru, yiwuwar samun sakamakon bogi na tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 61 cikin 100. Don su nuna abin a aikace, sai suka yi gwaji da ɗalibai 20 suka “tabbatar” da cewa sauraron wata waƙar Beatles na rage wa mutum shekarun haihuwarsa da kusan shekara ɗaya da rabi. Ba cewa suka yi yana jin kansa yaro ba, a'a, shekarun nasa ne suka ragu a takarda.

Ga kuma matsalar abin da ba a bugawa. Mujallu sun fi son labari mai armashi, don haka gwajin da bai nuna komai ba sai ya ƙare a cikin durowa. Kamar mai tallar magani ne a tasha da ke lissafa maka waɗanda suka dawo yi masa godiya. Waɗanda suka sha bai yi musu komai ba, ba su cikin ƙidayarsa.

A 2015 aka yi wa fagen awon gaba ɗaya. Masu bincike 270 a ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na jihar Bajiniya suka ɗauki bincike 100 da manyan mujallu uku suka buga a 2008, suka sake yin su. A na asali, 97 sun ba da sakamako mai kamawa. A maimaicin, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka ba da, kuma ƙarfin tasirin a jimlace ya ragu da kusan rabi. Gaskiya ne wasu masana, ciki har da Daniel Gilbert na Harvard, sun soki aikin da cewa wasu maimaicin ba su bi sawun na asali sak ba. Sai dai a 2018 an sake wani babban aikin a ƙasashe da yankuna 36 da mutum sama da 15,000, aka gwada sanannun sakamako 28, kusan rabi ne suka tsaya da ƙafarsu.

Cikin waɗanda iska ta kaɗa akwai waɗanda masu tarukanmu ke ji da su. Misali maganar cewa in ka tsaya ka buɗe ƙirji ka riƙe ƙugu na minti biyu, sinadaran jikinka za su sauya ka ƙara ƙarfin hali. Binciken asali na 2010 a kan mutum 42 aka yi shi. Da aka maimaita da mutum 200 a 2015 ba a ga wani sauyi a sinadaran ba, a 2016 kuma Dana Carney, wadda sunanta ne farko a maƙalar, ta fito fili ta ce ba ta ƙara yarda da sakamakon ba. Amma jawabin da abokiyar aikinta Amy Cuddy ta yi a dandalin TED a 2012 har yanzu miliyoyi ke kallon sa.

Saboda haka, idan maƙala ta zo hannunka, ko labarin da aka tsakuro daga cikinta, fara da neman yawan mutanen da aka gwada. Mutum 30 ko 40 da aka raba gida biyu ba su isa a gina hukunci a kansu ba, sai dai su zama dalilin a sake gwadawa. Sannan ka duba ko akwai rukunin da aka kwatanta da shi, kuma ko ƙuri'a ce ta raba mutanen. In babu wannan, abin da ke hannunka alaƙa ce kawai tsakanin abu biyu, alaƙa kuwa ba ta faɗa maka wanne ya haifi wanne. In an ga matasa masu yawan riƙe waya sun fi damuwa, tana yiwuwa wayar ce ta jawo, tana kuma yiwuwa mai damuwa ne ke fakewa da waya, ko zaman banza ne ya haifi duka biyun.

Ko da tasirin na gaske ne, sai an tambayi girmansa, kuma wannan tambaya ce da kusan ba a yi. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tattara bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka ga lalle akwai alaƙa tsakanin amfani da na'urori da raguwar walwala, amma ba ta bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin matasan ba. A cikin waɗannan bayanan dai, yawan cin dankalin Turawa ma ya nuna alaƙa mai kusan wannan girma. Ban kawo wannan don in wanke waya ba, muhawarar na nan da ranta tsakanin masana. Amma kanun labari mai cewa waya na lalata ƙwaƙwalwar yara da maƙalar da aka ɗauko shi daga ciki sau da yawa ba magana ɗaya suke yi ba.

Tambayar da ta fi shafar mu kuwa ita ce: su wa aka gwada? Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin a 2008, ya tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake bincike a kansu daga ƙasashen da suka ci gaba a masana'antu, galibi na Yamma, suke, alhali waɗannan ƙasashe kashi 12 cikin 100 ne kacal na al'ummar duniya. Kashi 68 Amurkawa ne, da yawansu kuma ɗaliban jami'a ne da ke neman maki a darasin. Ludayi ɗaya ya isa a ɗanɗana tukunyar miya, amma sai an juya ta tukuna. Su kuwa sama-sama suka ɗiba, daga gefe guda, suka ce ga ɗanɗanon ɗan Adam.

Shahararren gwajin alewa na Walter Mischel ya isa misali. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake ajiye wa yara alewa a makarantar renon da ke Jami'ar Stanford, a ce in sun yi haƙuri ba su ci ba za a ƙara musu wata. Daga baya aka ba da rahoton cewa masu haƙurin sun fi yin nasara da suka girma, labari ya zagaye duniya. Yaran nan galibi 'ya'yan malamai da ɗaliban jami'ar ne. Da Tyler Watts da abokan aikinsa suka duba yara sama da 900 daga gidaje daban-daban a 2018, sai alaƙar ta ragu da rabi, da aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya tashi kuma ta ƙara tsukewa sosai. Yaron da ya saba ganin abinci na ƙarewa kafin ya zagayo kansa yana da hujjar cin nasa nan take.

Ga kuma abin da ya faru a maƙwabta. Bettina Lamm da tawagarta sun yi irin wannan gwaji da 'yan shekara huɗu na ƙabilar Nso, manoma a arewa maso yammacin Kamaru, da fanke a madadin alewa, suka kwatanta su da yaran Jamus. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Kamaru sun jira minti goman cur, na Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake cewa yaro ba ya miƙa hannu sai an ba shi, wannan ba zai ba shi mamaki ba. To shin gwajin haƙurin da aka haifi yaro da shi yake aunawa, ko tarbiyyar gidansu, ko kuwa yardarsa da cewa babba zai cika alkawari? Wanda bai yi wannan tambaya ba, ya ɗauko sakamakon Stanford ya shimfiɗa a kan yaran Bichi, ya yi garaje.

Ko binciken da aka yi a gida ma yana da nasa tarkon, wato harshe. Yawancin takardun tambayoyin da ake auna lafiyar ƙwaƙwalwa da su da Turanci aka tsara su. Ka ce za ka mai da su Hausa: kalmar “damuwa” kaɗai tana ɗaukar tunanin kuɗin haya, tana ɗaukar zullumi, tana kuma ɗaukar ciwon da ke hana mutum barci da cin abinci wata da watanni. Baƙin ciki daban, ƙunci daban, ɓacin rai daban. Mutanenmu da yawa ma ba ta nan suke bayyana abin ba, sai dai ka ji “kaina na ɗaukar zafi” ko “jikina ya mutu”. Tun 1960 likita Raymond Prince ya rubuta a kan ɗaliban Najeriya da ke zuwa da kukan zafin kai da kasa riƙe karatu. Maƙalar da ta ce ta auna ciwon damuwa a tsakanin matan karkara a Jigawa, ba ta kuma faɗi yadda aka fassara tambayoyin ba, da wanda ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, da ko mijin ko uwar mijin na zaune a wurin, to alƙalumanta na buƙatar taka-tsantsan komai kyan jadawalinsu.

Masu aiki na gari su da kansu suke faɗin iyakarsu. Rahoton da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2006 ya samu cewa kashi 12.1 cikin 100 na mutum 4,984 da aka tattauna da su sun taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma sun bayyana ƙarara cewa wannan kashi na aikin a yankunan masu jin Yarbanci aka yi shi. Irin wannan bayani ne ke fara zubewa idan labari ya iso ɗakin tace labarai, sai a wayi gari an ce “'yan Najeriya”.

Sai batun inda aka buga maƙalar, kuma a nan abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Akwai dubban mujallun intanet da sana'arsu karɓar kuɗi su buga duk abin da aka aiko. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya haɗa wata maƙalar bogi mai cike da kurakuran ganganci ya aika wa mujallu 304, 157 suka karɓa. Wani nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan mujallu sun buga maƙalu kusan 420,000 a 2014 kaɗai, kuma bayan Indiya, Najeriya na sahun gaba a yawan masu aika musu. Ba na ɗora laifin duka a kan malamanmu. Tsarin da ke ƙirga yawan maƙalu kafin ƙarin girma, bai kuma ba da kuɗin bincike na kirki ba, shi ya buɗe wannan kasuwa. Kowa kuma ya san shagunan da ke bakin ƙofofin manyan makarantu inda ake sayen kundin kammala karatu, da ɗaliban da ke zama a ɗaki su cike takardun tambayoyi ɗari da biro kala uku. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako guda, ta kuma haɗa aikin gona da lissafi da halayyar ɗan Adam a fitowa ɗaya, ta riga ta gaya maka ko ita wace ce.

Kada a fahimce ni da cewa fannin duka shirme ne. Masu fannin ne da kansu suka tona wannan ɓarna, abin da fannoni da yawa ba su yi ba tukuna. Akwai kuma sakamakon da aka jijjiga aka ga suna nan daram. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa karatun da aka rarraba a kwanaki ya fi zama a kai fiye da wanda aka dunƙule a dare ɗaya, an kuma sha maimaita wannan ana samun abu ɗaya. Haka nan rufe littafi ka gwada tuno abin da ka karanta ya fi sake karantawa amfani. Duk wanda ya taɓa yin hadda ya san wannan tun kafin a ba shi suna.

Gyaran da suka kawo ma ba mai tsada ba ne. Yanzu mai bincike na iya rubuta abin da zai gwada, da yawan mutanen da zai ɗauka, da lissafin da zai yi, ya ajiye a shafin da kowa zai gani tun kafin ya fara, yadda ba zai iya sauya magana daga baya ba. Wasu mujallu ma suna tantance tsarin aikin su yi alkawarin bugawa ko sakamako ya fito ko bai fito ba. Maƙalar da ta yi haka, ta kuma saki bayananta don wasu su duba, ta cancanci a saurare ta fiye da wadda ba ta yi ba. Ban ga abin da zai hana TETFund ta sa wannan cikin sharuɗɗan tallafin bincikenta ba, musamman yanzu da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ke buƙatar alƙaluman da za a yi aiki da su. Editocinmu kuwa, abu mafi ƙanƙanta da za su yi shi ne kada su bari “bincike ya nuna” ya wuce teburinsu ba tare da sunan mujalla, da shekara, da ƙasa, da yawan mutanen da aka gwada ba.

Mai son ganin yadda aiki mai kyau yake a nahiyarmu ya nemi na Dixon Chibanda a Zimbabuwe. Sun horar da ma'aikatan lafiya na sa-kai, galibi dattawan mata, su riƙa zama a benci a harabar asibiti suna tattaunawa da masu fama da abin da 'yan ƙabilar Shona ke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Tambayoyin da suka auna mutane da su a cikin harshen Shona aka gina su. Ƙuri'a ce ta raba asibitocin sha-ka-tafi 24 na birnin Harare gida biyu, mutum 573 suka shiga, aka kuma jira wata shida kafin a sake auna su. A rahoton da mujallar JAMA ta buga a 2016, kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi.